Baki Ɗaya a Gidan Kawu

Har yau, in na ji wani ya buɗe baki ya ce wai na'ura ce ta yi kuskure, sai raina ya ɓaci tun kafin ya rufe bakin. Na'ura ba ta tsoron soja, ba ta kuma neman a ƙara mata girma. Abin da ya sami gidan kawuna mutum ne ya yi shi da yatsunsa, ina tsaye a bayansa ina kallo, kuma na gaya masa kada ya yi.

Kawu wan mahaifiyata ne, manomi a wani ƙauye na ƙasar Sarkin Hausa, cikin yankin Mayahi. Mu a Tasawa muka tashi, amma duk hutun lakwal, wato makarantar boko, can ake tura ni. Gidansa gandu ne irin na da. Shi ne mai gida, 'ya'yansa maza da matansu da jikoki duk suna cikin danga ɗaya, gona ɗaya ake nomawa, ko da yake kowace mace da tukunyarta. Akwai kuma matar wansa marigayi, wata tsohuwa da ƙafa ta fara gagara, tana ɗan ɗakinta da 'yar tukunyarta ita kaɗai. In aka haɗa duka, bakin da ke ci a gidan ya haura talatin.

Abin da aka san kawu da shi a duk ƙauyukan nan shi ne iri. Geron zango ne da ya gada a wurin ubansa, mai dogon kai, wanda in ka aza shi a hannunka daga hammata yake kamawa har ya wuce yatsu. Da kaka, kafin a ɗaure damma, kawu yakan bi gonar da kansa yana zaɓen kawunan da suka fi cika. Ya ɗaure su daban, ya barbaɗe da toka, ya sa a wani ɗan rumbu a bayan ɗakinsa, ya liƙe bakin da laka. Babu mai taɓa wannan rumbu sai an yi ruwan shuka, kuma shi kaɗai ke fasa lakar. Mahaifiyata ta ba ni labarin babbar yunwar da aka yi zamanin sojojin farko, lokacin kawu yana da ƙarfinsa. Sun ci dusa, sun ci 'ya'yan anza ta daji da aka jiƙa har ɗacinta ya fita, amma ɗan rumbun nan bai buɗu ba. Ta ce yakan wuni a gindinsa da sanda, har ƙannensa suna cewa ya auri rumbu. Da ruwa ya dawo, rabin ƙauyen a wurinsa suka sami abin shukawa.

Shekarar da nake magana a kai, damina ta ci amana, sojoji kuma sun sake karɓar mulki. Ni na gama karatun na'ura a Yamai ke nan, sai wani furoje, wato shirin agaji na rabon hatsi, ya ɗauke ni, aka turo ni Mayahi. Na yi murna ƙwarai. Ina ganin ga ni zan yi wa mutanenmu aiki da abin da na karanta, maimakon in zauna ina buga wa wani takardar gayyatar biki.

Aikina shi ne in gina ma'ajin da za a riƙe gidajen da za a ba hatsi a cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Abin ba shi da wuyar ganewa. Ka ɗauka gurabu ne a jere, kowane gurbi da mabuɗinsa. In ka kawo mabuɗi sai a nuna maka abin da ke cikin gurbin, in ka ga dama ka goge ka sa wani. Mu mabuɗinmu shi ne sunan mai gida da na ubansa da na ƙauyensa. Abin da ke cikin gurbin kuwa shi ne yawan bakin da yake ciyarwa. Da yake na san yadda gandu yake, sai na tsara cewa kowace tukunya ta zo ta faɗi bakinta, na'ura ta riƙa ƙarawa a kan abin da ta tarar a gurbin mai gidan, har lissafin gidan ya cika. Ranar rabo a ba mai gida, shi ya san yadda zai auna wa kowa.

Wahalar irin wannan ma'aji tana zuwa ne in hannu ya yi yawa a kansa. Tabur huɗu za mu kafa, kowane da na'urarsa, duk suna rubutu cikin ma'aji guda a lokaci guda. In tabur biyu suka buɗe gurbi ɗaya tare, kowa ya ga abin da ke ciki, ya ƙara nasa ya mayar, to na ƙarshe zai shafe na farko. Maganin wannan an san shi tuntuni, ana koyar da shi a aji. Sakata ake sa wa. Wanda ya riga shiga ya tura sakata, ya gama ƙarinsa, ya zare, sannan na baya ya shiga. Na sa sakata, na gwada, kome ya tafi daidai.

Sai dai sakata tana sa jira. Na'urorinmu tsofaffi ne, wayar da ta haɗa su ta ji jiki, injin wutar kuma sai ya ga dama. A ƙauyen farko da muka gwada, layi ya ƙi tafiya yadda shef yake so. Shef shi ne shugaban aikin, mutum mai tabarau da farar riga, ya yi karatu a waje, ya kuma iya na'ura sosai, ba zan hana shi wannan ba. Abin da ya tayar masa da hankali shi ne an aiko cewa wani babban soja zai zo daga Yamai ya ga an fara rabo, kuma an riga an sa rana. A zamanin nan babu mai iya ɗaga waya ya ce wa mai kaki ya dakata. Shef ya kira ni biro, wato ofishinsa, da rana tsaka, fanka tana kaɗa iska mai zafi.

"Bon, madmazel," ya ce, "wagga sakata taki ita ka cin lokacinmu. A hidda ta. Kowane tabur shi riƙe nashi ma'aji, shi yi ta rubutu ba jiran kowa. Da marece a haɗa su wuri guda."

Na ce, "Shef, in mabuɗi guda ya hito a tabur biyu hwa?"

"Sai a ɗauki na ƙarshe. Amma ba ya hitowa. Gida guda, mai gida guda, tabur guda. Voilà."

Na ce masa, "Shef, a ƙauyenmu gida guda ba ya zuwa layi guda. Kai ma ka sani."

Ya san shi mana! Wannan ne abin da har gobe yake ƙona mini rai. Shi ma ɗan ƙauye ne, a gandu aka haife shi, da fura aka yaye shi. Ya san matar ɗa ba ta tsayawa layi ɗaya da surukinta, ko hanyar da ya bi ba ta bi sai ya ɓace. Ya san ba ta iya tsayawa a gaban uwar mijinta ta ƙirga 'ya'yanta da baki. Ya san babu macen da za ta kira mijinta mai gida alhali ubansa yana raye, balle a shekarar da mazan duk sun tafi cin rani Katsina da Kano. Duk ya sani, amma ya aje sanin a ƙofar biro tare da takalminsa.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madmazel, mu ba nazarin al'ada munka zo yi ba. Hatsi munka zo rabawa."

Na ce ni dai ba zan zare ba. Bai yi mini faɗa ba, murmushi ma ya yi. Ya jawo na'urar gabansa, ya goge 'yan layukan da hannunsa, ya rubuta nasa. Ya ce kuma ba a bukatar takarda a tabur, aikin zamani ne, babban soja zai ji daɗin ganin haka. Na roƙe shi ko da a bar wurin da za a riƙa adana abin da aka shafe, don in an yi kuskure a gane. Ya ce wannan ma nauyi ne. Na fito biro idona ya cika da ƙwalla, ba na tausayin kaina ba, na tsabar haushi.

Ranar da aka zo ƙirgar ƙauyen su kawu, an kafa taburan a ƙarƙashin itatuwan gawo, nesa kaɗan da juna. Ni aka sa ni gadin injin wuta da wayoyi, don shef ya ce bakina ya yi yawa. Daga nan nake hangen kome. Kawu ya zo da sassafe cikin dattawa, ya tsaya a tabur na farko ya faɗi bakin tukunyar ɗakinsa. Matan 'ya'yansa suka zo daga baya, da goyo da mayafi, suna ganin inda ya tsaya suka karkata. Babbar ta nufi tabur na biyu, ƙananan suka rabu tsakanin na uku da na biyun. Ko sunansa ba su furta ba, wakilin mai gari da ke zaune a kowane tabur shi ke faɗa a madadinsu. Abin da na gaya wa shef yana faruwa a gaban idona. Na je na same shi a cikin mota na nuna masa da yatsa. Ya ce layi yana gudu kamar ruwa, in koma bakin injina.

Layi kam ya gudu. Kafin la'asar an kusa gamawa. Can da rana ta yi sanyi sai ga tsohuwar nan, matar wan kawu, tana tafe tana hutawa da sandarta. Ta tsaya a tabur na huɗu, don shi ne ya fi kusa da hanya. Aka tambaye ta mai gida, wakili ya faɗi sunan kawu. Aka tambaye ta baki nawa ke ci a tukunyarta, ta ce ita kaɗai ce sai Allah. Aka rubuta ɗaya. Da marece shef ya haɗa ma'ajin taburan huɗu da kansa, ya kulle na'urar a akwatinsa. Na ce ya bari in duba, ya ce ba aikina ba ne kuma.

Ranar rabo an share fili, an jera buhuna, an kafa rumfa da kujeru. Babban sojan ya zo da jerin motoci, ya yi magana gajeruwa, aka yi tafi. Kawu ya zo da amalanke biyu, ɗaya nasa, ɗaya aro, don ya san yawan gidansa. Da aka zo kansa mai kira ya ɗaga murya ya faɗi sunansa, ya ce, "Baki ɗaya!" Aka auna 'yan tiyoyi aka zuba masa a gindin buhu.

Kawu ya tsaya yana duban buhun. Na san abin da ke ransa, amma dattijo irinsa ba ya jayayya a kan abinci a gaban mata da yara, balle ga sojoji tsaye da bindigogi. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya ɗauki buhun da hannu ɗaya, ya aza a amalanken farko, na biyun ya bi shi a baya fanko. Ba shi kaɗai ba ne. Duk babban gandu a ƙauyen haka aka yi masa, wani aka ce baki uku, wani biyar. Ƙananan gidaje masu tukunya ɗaya su ne suka sami nasu daidai. Wato gidajen da suka fi riƙe juna su aka fi zalunta.

Ban jira sojan ya tafi ba, na kutsa bayan rumfa na sami shef.

Na ce, "Shef, ka ga abin da na hwaɗa maka? Gidan kawuna ya hi baki talatin, an ba shi na mutum guda!"

Ya ce, "Rage murya. Ina shaida?"

Na ce a buɗe na'ura. Ya buɗe mini kuwa, har da juyo ta gabana. Na sa mabuɗin kawu, gurbi ya buɗe, ga ɗaya zaune ita kaɗai. Abin da kawu ya faɗa da safe, da abin da matan 'ya'yansa suka faɗa, duk babu, kamar ba su taɓa zuwa ba. Na tambaye shi na'urorin taburan, ya ce an wanke su tun jiya don ƙauyukan gaba. Takarda kuwa shi ya hana a yi.

"Kin gani," ya ce, "na'ura ba ta ƙarya. C'est signé, an sa hannu, an aika Yamai. In akwai gyara, sai zagaye na biyu."

Na ce, "Zagaye na biyu yaushe?"

Ya ɗaga kafaɗa ya koma rumfa, don an fara ɗaukar hoto. Ko a jikinsa, wai an tsikari kakkausa. Da yamma har aka yaba masa a gaban jama'a, wai ba a taɓa ganin ƙirga mai sauri irin tasa ba. Na tsaya ina ji.

Na rubuta wa manyansa, ba wanda ya amsa. Na je wurin mai gari, ya ce shi ba ya shiga tsakanin furoje da sojoji. Na sayi buhun gero da albashina na aika ƙauye, amma buhu ɗaya a bakin mutum talatin ai kamar ɗigon ruwa ne a kan tanda mai zafi. Abin da 'ya'yan kawu ke aikowa daga cin rani ma bai taka kara ya karya ba, don gero ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba.

Wata Juma'a na hau kabu-kabu na tafi ƙauyen. Tun daga bakin danga na ji sautin daka, raina ya ɗan yi sanyi, na ce ashe an sami wani abu. Da na shiga sai na ga abin da ake sussukawa. Dogayen kawunan zango ne, da tokarsu a jiki. Na juya na dubi bayan ɗakin kawu, ga ɗan rumbun a buɗe, fasasshiyar lakar tana zube a ƙasa. Matan ba su ɗago sun dube ni ba. Babu mai waƙar daka, taɓarya kawai ke tashi tana sauka.

Kawu yana zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe shi.

Ya ce, "Ɗiyata, kin sha hanya. Ki bar kallon rumbu. Waccan yunwa ƙannena ne, manya, sai in tsare su da sanda. Wagga jikoki ne. Yaro in ya yi kuka har muryarshi ta mutu, mi za ka ce mashi?"

Na ce, "Kawu, wallahi na hwaɗa masu. Sun ƙi ji."

Ya ce, "Na sani. An gaya mani kin yi hwaɗa har gaban soja. Kada ki ƙara, ke mace ce, aikinki sabo."

Aka kawo mini fura a ƙwarya, babu nono sai ruwa. Na san da abin da aka yi ta. Na ce na ƙoshi. Kawu ya ce baƙo ba ya mayar da ƙwarya a gidansa, ko da wace shekara ce. Na ɗauki ludayi na sha. Fura ce mai daɗi, zango ba ya ƙarya. Na sha ina jin kamar gonar daminar da ke tafe nake haɗiya, kuma a raina fuskar shef kawai nake gani da tabaransa.

Ruwan shuka ya sauka ba da daɗewa ba, ruwa mai kyau, irin wanda ake roƙo. Damina ce da aka daɗe ba a ga irinta ba, kamar da gayya. Kawu, wanda rabin ƙauye ke zuwa ƙofarsa neman iri, shi ya bi gida gida yana tambaya ko wani ya rage zangon da ya taɓa ba shi. Babu. Gidajen da ke adana iri su ne manyan gandaye, kuma duk sun fasa rumbunansu kamar yadda ya fasa. A ƙarshe ya shuka abin da aka samo a kasuwar Mayahi, gauraye, ba wanda ya san asalinsa. Zagaye na biyu ya zo bayan gero ya kai gwiwa. An gyara gurbin kawu, an rubuta bakinsa daidai, an ba shi buhunansa. Ihu bayan hari ke nan. A rahoton ƙarshe shef ya rubuta cewa an sami ɗan kuskuren na'ura, an kuma magance shi. Na bar aikin kafin kaka. Shi kuwa na ji an ƙara masa girma.

Yanzu koyarwa nake yi a Yamai, kuma cikin abin da nake koyarwa har da irin wannan ma'aji da hannu da yawa ke taɓawa a lokaci guda. Ɗalibaina sun san ni da haƙuri, amma sun san wurin da ba a wasa da ni. Duk shekara sai an sami wani mai wayo da zai zare sakata don aikinsa ya fi na kowa gudu, ya ce ai hannu biyu ba za su taɓa haɗuwa a gurbi ɗaya ba. Nakan tambaye shi wa ya gaya masa. Nakan ce ya je ya ga mutanen da za su tsaya a layin tukuna, ya san wa ke jin kunyar wa. Suna dariya a ɓoye, suna cewa madam ta fara. Su yi ta yi.

Kawu ya tsufa ƙwarai, ba ya zuwa gona sai an kai shi a amalanke. Kakar da ta wuce na je gaishe shi, na tarar an kawo damma ana jibgewa a ƙofar gida. Ya sa aka miƙo masa kan gero ɗaya, wanda ya fi kowane tsawo a damin. Ya juya shi, ya shinshina, sannan ya miƙe hannunsa na hagu ya aza gindin a hammata, yadda yake yi tun ina yarinya. Kan geron ya tsaya a gwiwar hannu. Kawu ya daɗe yana duban sauran hannun nasa, daga gwiwa zuwa yatsu, sannan ya miƙa wa matar ɗansa ya ce a kai daka.